Ƙafarsa ta Hagu, da Alkamar Bana

Talata, da yamma

Mun dawo daga Adelaide. Tun daga filin jirgin Port Lincoln har gida, Merv bai yi maganar komai ba sai ta alkama. Ta Lyle maƙwabcinmu ta nuna, ta wane ta kwanta, ta wane ciyawa ta ci ƙarfinta. Ni ke tuƙi, shi yana nuna gonakin mutane da haɓa. Shekara arba'in da 'yan kai muna tare, na san halin kayana. In bakinsa ya cika da alkama, to tsoro ne fal cikinsa.

Zan rubuta sunan abin sau ɗaya, don kada a ce na kasa. Sankarar mafitsara, irin ta maza. Ta bar inda ta fara, ta shiga ƙashi. Allurar da ake yi masa ta daina riƙe ta. Shi ke nan, na rubuta.

Likita Farrugia ta ce hanya biyu ce. Ko kemo, wato maganin sankara mai ƙarfin nan, a nan Port Lincoln, a riƙa ɗaura masa ruwa duk bayan mako uku, a fara ran Litinin. Ko ya shiga gwajin wani sabon magani a Adelaide, wanda su kansu ba su gama sanin amfaninsa ba. Shi gwajin sai farkon Disamba za su duba shi su ga ko ya cancanta. Sharaɗinsu ya zo da ƙafafunsa, yana iya hidimar kansa, kuma ba a taɓa sa masa kemo ba. Ko sun ɗauke shi ma, na'ura ce za ta yi ƙuri'a, wasu su samu sabon magani, wasu a ba su kemon da suka gudo.

Merv ya ce, "Ƙuri'a? Likita, ni fa manomi ne. Duk shekara nake zuba iri a ƙasa in koma ina kallon sama."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Har mun miƙe ta tsayar da mu a bakin ƙofa. Ta ce akwai wuri biyu a ƙashin bayansa da ba ta son yanayinsu. In ƙafa ta yi nauyi, ko ta daina ji, ko fitsari ya rikice, kada mu jira komai, mu kira nan take. Ni take kallo da take faɗa, ba shi ba.

Laraba, da safe

Ya ce kada kowa ya ji. Ba Lyle ba, ba 'yan coci ba. Narelle kawai, ita ma don 'yarmu ce kuma ta riga ta sani.

Alhamis, da rana

Narelle ta kira daga makarantar da take koyarwa a Adelaide, ina jin ihun yara ta bayanta. Ta karance komai a kan gwajin nan har ta haddace.

"Mama, wannan dama ce. Mutane na nema ido rufe ba su samu ba."

Na ce, "Damar a mayar da ubanki zakaran gwajin dafi?"

"Haba Mama. Kemo fa watanni kawai zai ƙara masa, a gabanki likita ta faɗa."

"Watannin da aka sani. Naki wa ya san shi?"

Ta ce, "Ke dai tsoron Adelaide kike ji." Ɗiyar ubanta ce, ta san inda za ta taɓa mutum. E, ina tsoron Adelaide, titunansu kaɗai sun isa su sa mini hawan jini. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne makonnin da za a zauna ba a ba shi komai, abin yana cin ƙashinsa muna jiran Disamba. Kemo ko guba ne, ran Litinin zai fara aiki. Na gaya mata haka, ta ce ba a duba magana ta nan. Mun rabu ba daɗi.

Alhamis, da yamma

Ya zaɓa. Gwaji.

Ya ce ya ga abin da kemo ya yi wa yayansa Clarrie, ƙato guda ya koma sai an ɗauke shi a hannu zuwa banɗaki. Gaskiya ne, ni ma na gani, ni na riƙa kai musu miya. Amma da yake maganar idonsa na kan taga, kuma ta tagar kicin gonar arewa ake hangowa.

Na ce, "Merv, maganin ka zaɓa ko makonnin?"

"Waɗanne makonni?"

"Kar ka raina mini hankali. Kemo Litinin, gwaji Disamba. A tsakani sai girbi."

Ya ce, "Tsohuwa, ke da lauya kika zama da tuni mun huta da noma." Ya ɗauki hularsa ya fita duba inji.

Wataƙila duka biyun ne. Wataƙila shi ma bai sani ba. Haushi nake ji, kuma ban san wa zan ji wa ba.

Asabar, da sassafe

An fara girbi. Shi a kan injin girbi, ni a babbar mota ina kai hatsi rumbunan gari, kamar kullum. Bayan shekara biyu na fari, alkamar bana sai ka ce da gangan ta yi. Ya murza zangarniya ɗaya a tafin hannu ya hure, ya miƙo mini, fuskarsa kamar ta yaro.

Lahadi, bayan coci

Maza sun jeru a jikin motoci kamar yadda suka saba, kowa ya jingina, kowa na kallon gaba, ba mai kallon ɗan'uwansa. Lyle ya ce, "Kai Merv, ka rame. Glenys ta daina ba ka abinci ne?"

"Tsufa ne ya sa ta manta inda tukunya take."

"Yaya jiki dai?"

"Ba laifi. Kai fa?"

"Ba laifi."

Iyakar asibitin mazan garin nan ke nan. Mutum zai zo da hanjinsa a hannu ya ce ba laifi, su koma maganar farashin sha'ir.

A hanyar gida na kawo maganar gayya. Na ce kalma ɗaya zai gaya wa Lyle, kafin Laraba injuna goma sun shigo gonarmu, a yini ɗaya an kwashe komai, ya huta ya jira Disambarsa. Ai haka ake yi wa duk wanda ciwo ya kayar a lokacin girbi, shi da kansa ya sha jagorantar irinta.

Ya ce, "Na sha jagoranta, shi ya sa na sani. Ki lissafo mini waɗanda muka yi wa. Wa ya ga shuka ta gaba a cikinsu?"

Ba ko ɗaya.

"Gayya jana'iza ce, Glen, sai dai mamacin na zaune a baranda yana godiya. Ranar da kika ga injunan mutane a gonata, to ki nemo baƙar rigarki."

Talata, da yamma

Na kai masa shayi gonar arewa. Da zai koma kan inji na ga ya...

Ban ga komai ba. Tsanin injin nan dama tsayi gare shi, kuma mutum ya kusa saba'in.

Laraba, da safe

Takalminsa na hagu ya goge ta baki. Na dama lafiya lau.

Laraba, da rana

Zafi kamar a mutu. Layi a rumbuna har bakin titi. Matar da ke auna hatsi ta ce alkamarmu ta fi ta kowa kyau bana, in gaishe da Merv. Na ce zai ji.

Alhamis, da hantsi

Nas ɗin masu gwajin ta kira, sunanta Dimity, muryarta kamar ta mai lallashin yaro. Ya sa wayar a kan tebur don in ji, wai shi ba ya ɓoye mini komai. Ta tambayi ci, ta tambayi barci, ta tambayi ciwon baya.

"Ɗan abin da ba a rasa ba. Kujerar inji ce."

"Ƙafafu fa? Nauyi, ko mutuwar jiki?"

"Ƙalau. Yanzu haka in kin zo sai mu yi tsere."

Ta yi dariya. Ta ce, "Glenys na kusa? Haka ne, Glenys?"

Ina tsaye da tsumman goge kwano a hannu. Ya ɗago ya kalle ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na iya da ita.

Na ce, "Yana ta aiki."

Ba ƙarya na yi ba. Yana ta aiki.

Juma'a, da yamma

Yau na tare shi. Ya shigo ya zauna a benci zai cire takalmi, na ga ya sa hannu biyu ya ɗago ƙafar ya ɗora a gwiwa, yadda ake ɗaga buhu. Na ce tun yaushe. Ya ce me. Na ce Merv, ka ji tsoron Allah, tun yaushe.

Tun Litinin. Yatsun ne suka fara, yanzu ya kai ƙwauri. Kuma akwai wani ciwo da ke zagaye masa ciki kamar an ɗaure shi da bel.

Na nufi waya. Rabon da in ji ya ɗaga mini murya har na manta, yau ma bai ɗaga ba. A hankali ya ce, "In kika kira, sun cire ni."

"Likita ta ce nan take."

"Likita ta ce in zo da ƙafafuna. In kika kira za su kwantar da ni, su yanka baya, su gasa wurin da na'ura, sannan su ce Malam ka yi haƙuri, gurbinka ya wuce. Sai kemo. Sai in zama Clarrie." Ya numfasa. "Kwana nawa ya rage? Alhamis mai zuwa ce fa. In shiga ɗakin masu gwajin da ƙafata, su rubuta sunana, bayan nan ki gaya wa duk wanda kika ga dama, har fasto."

"In kuma ƙafar ba ta kai Alhamis ba?"

"Za ta kai. Jijiya ce ta kwanta, kin san kujerar nan."

Na san kujerar. Shi ma ya san ba ita ba ce.

Ya ce in yi masa alkawari. Ya ce jikinsa ne, ransa ne, abu ɗaya ke nan da aka bar masa ya zaɓa da kansa tun da abin nan ya fara. A nan ya kama ni, don gaskiya ya faɗa. Tun bara ake juya shi, kwanta nan, tuɓe can, sha wannan. Kuma ni ce mai son kemo tun farko. In na kira, har abada zai ce na samu hanyar da zan ci gardama ne.

Na yi alkawarin. Na tsani kaina, na tsane shi, na dafa masa naman rago da dankali ya cinye tas.

Asabar, da rana

Ya ce da sauƙi.

Asabar, da yamma

Akwai wando a shanye a bayan rumfar injuna, inda ba a hangowa daga gida. Tunda na auri mutumin nan bai taɓa wanke ko hankici ba.

Na bar shi a wurin. Ban gani ba.

Lahadi, da hantsi

Ba mu je coci ba, wai alkama ba ta san Lahadi ba. Narelle ta kira tana murna, ta gyara mana ɗakin baƙi, ta nemo inda ake ajiye mota kusa da asibiti. Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri da maganar rannan. Na san ba abin da kike so ba ne, amma kin mara masa baya. Na gode."

Maganar ta zo har bakina. Na ce mata ta sayi madara mai yawa, ubanta ba ya shan shayi baƙi.

Litinin, da rana

Daga layin rumbuna na danna lambar Dimity. Ta yi ƙara sau ɗaya na kashe. Ta kira ni, na ce kuskure ne, hannuna ne ya taɓa.

Ta ce, "Komai lafiya dai, Glenys?"

Na ce, "Ba laifi."

Ashe ni ma 'yar garin ce.

Talata, da sassafe

Rediyo ya ce iskar arewa za ta taso da rana, zafi zai wuce na jiya. Saura gonar can ƙarshe, wadda waya ba ta kamawa. Ya ce in Allah ya yarda gobe ya gama, jibi mu hau jirgi.

Na kai shi gindin inji da ƙaramar mota, wai don kada ya ɓata lokaci. Ta madubi na ga yadda ya hau. Da hannuwa ya hau.

Laraba, da rana, a barandar asibiti, Adelaide

Bari in rubuta yadda aka yi, tun kafin kaina ya fara gyara labarin.

Jiya wajen tsakar rana ina layin rumbuna iskar ta taso. Ƙa'idar yankinmu kowa ya san ta: in zafi da iska suka haɗu suka kai wani matsayi, kowa ya kashe inji, don tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonaki har bakin teku. Lyle ne shugaban 'yan sa-kai na kashe gobara, shi ke sanarwa ta rediyon oba-oba, tashar da kowa ke ji, daga kan inji har kicin. Ya sanar. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka riƙa amsawa sun tsaya.

Merv bai amsa ba.

Lyle ya ce, "Merv, ina hango ƙurarka daga nan. Kunnen ne ya tafi ko taurin kan ne ya motsa?"

Sai ga muryarsa, garau. "Saura layi ɗaya, mutumina."

Direbobin da ke layi suka yi dariya. Ni ban yi ba, don Merv ne ya fi kowa tsanani a kan ƙa'idar nan. Ya taɓa daina gaisawa da mutum shekara guda saboda ya ƙara zagaye ɗaya bayan sanarwa.

Aka jima. Lyle ya sake kira, wannan karon ba wasa a muryarsa. "Merv. Ka kashe inji ka sauko. So kake ka ƙone mu?"

"Yanzu, yanzu. Bari in juye wannan."

Ka sauko. A nan na gane. Injin yana juye hatsi a rumbun ƙarfe na bakin gona ba sai mutum ya taka ƙasa ba. Muddin yana tafiya, akwai sanyi a ɗakin direba, kuma ba wanda zai tambayi dalilin zamansa a ciki. In ya kashe, sai ya sauko, ko ya gasu a cikin gilashi. Mutumin da ya hau da hannuwa.

Na fita daga layi da lodina, na ji ana yi mini hon. Ban san yadda na kai gonar ba. Na tare gaban injin da babbar mota, dole ya tsaya. Na hau tsanin na buɗe ƙofa.

Yana zaune daram, hannu a kan sitiyari, hula a kai. Wandonsa a jiƙe. Ya ce, "Kin bar layi? Yanzu sai kin koma baya."

"Tashi."

"Glen."

"Tashi tsaye in gani, in koma layina."

Ya kalli ƙafafunsa kamar na wani ne aka ajiye masa. Ya ce ta dama tana ɗan ji. Tun hantsi ta hagun ta tafi gaba ɗaya. Yana jira ne ta dawo.

Na duba wayata, ba ko layi ɗaya. Na kalli rediyon. Ya ga inda nake kallo, ya ɗora hannu a kai.

"Jibi ne fa. Ki taimaka mini in sauka, ki kai ni gida in kwanta. Gobe za ta saki. Kin yi alkawari."

"Na yi."

"Duk gari na ji, Glen. Duk gari."

Yana roƙona ne. Mijina, a gonar ubansa, yana roƙona. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar haka ba, ban kuma taɓa jin haushin mutum kamar haka ba. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfin hannunsa na nan, da ya so hana ni da ya hana.

Na danna na ce, "Lyle, Glenys ce. Merv na da sankara, ta shiga ƙashin bayansa. Ƙafafunsa sun daina aiki, ba zai iya saukowa daga inji ba. Ka kira motar asibiti, ka ce musu abin ya danne masa laka, a nemo jirgi. Ka zo da maza biyu da ƙyauren ƙofa."

Tashar ta yi tsit. Tashar da ko ana ruwan wuta sai wani ya yi tari a ciki.

Can Lyle ya ce, "Ga mu nan, Glen."

Merv ya kashe injin da kansa. Ya juyar da kai wajen alkamar da ta rage. Har suka zo suka sauko da shi a kan ƙyauren, har jirgin marasa lafiya ya ɗauke mu daga Port Lincoln, bai ce mini uffan ba. Da Lyle ya yi magana. Ya ce masa ya rufe rumbun ƙarfen kada tsuntsaye su shiga.

Yanzu yana ɗakin tiyata. Narelle ta tafi nemo mana shayi.

Alhamis, da safe

An yi aikin, sun ce sun sassauta abin da ya danne. Ya farfaɗo. Ya yi wa Narelle magana, ya yi wa nas barkwanci. Ni in na shigo sai barci ya ɗauke shi.

Yau ce Alhamis ɗin. Ɗakin masu gwajin na hawa na sama da mu.

Juma'a, da rana

Dimity ta sauko da kanta. Ashe yarinya ce ƙarama. Ta ce ta yi baƙin ciki, amma da tiyata da kuma gasa bayansa da za a yi da na'ura, ba zai shiga wannan zagayen ba, kuma ba ta san ko za a buɗe wani ba. An ba wani gurbin. In ciwon aikin ya warke, sai kemo.

Ya ce, "Ba komai, 'yata. Allah ya ba mai rabo sa'a."

A waje Narelle ta tsare ni. "Tun yaushe kika sani?"

Na faɗa mata.

"Mako guda, Mama? Kina ji ina maganar madara?"

Ban kare kaina ba. Uban na fushi don na faɗa, 'yar na fushi don ban faɗa ba. Na zauna a kujerar roba a tsakaninsu.

Asabar, da yamma

Matar Lyle ta turo hoto. Injuna a jere a gonar can ƙarshe, mata sun shimfiɗa abinci a bayan mota. Kafin rana ta yi tsaka sun gama. Ban nuna masa ba. Na san Lyle ya kira shi, don na tarar ya juya fuska bango.

Litinin, da hantsi

Likita Farrugia ta same ni ni kaɗai. Ƙafar dama za ta dawo, fitsari ma wataƙila. Ta hagu kada mu sa rai sosai. Zai yi tafiya da abin dogarawa, amma shi da tsanin inji sun yi sallama. Ta ce da na ƙara kwana ɗaya da duka biyun sun tafi har abada, in riƙe wannan.

Na ce, "Da a ce tun Juma'ar da ta wuce aka kawo shi fa?"

Ta gyara takardun hannunta. Ta ce ba wanda zai iya cewa tabbas.

Na gane.

Talata, da yamma

Ya yi magana.

Masu koya tafiya sun zaunar da shi a bakin gado, suka ce in sa masa safa kafin su dawo da keken dogarawa. Na durƙusa. Daga sama na ji ya ce, "Kwana biyu kacal ya rage, Glen."

Na ce, "Da na bar ka kwana biyun, da yanzu juya ka nake yi a gado kamar Clarrie, kuma ba kemo ne ya yi maka ba."

"Da na shiga."

"Da ba ka shiga ba. A kan ƙyauren ƙofa za ka je musu?"

Ya rufe ido. Na zaci ya koma barcinsa na ƙarya. Sai ya ce, "To da kin faɗa tun ran Juma'a."

Jini ya hau mini kai. Na buɗe baki zan wanke shi tas, a gaban duk wanda ke ɗakin. Ya riga ni.

"Na sani. Ni na hana ki." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ban yafe miki na rediyo ba tukuna. Kar ki zaci na yafe."

"Ban roƙa ba."

"Kemon, a Port Lincoln za a yi?"

"A can."

"Ke za ki riƙa kai ni?"

"A'a, Lyle zan ba kwangila."

Ya ɗan yi wani sauti ta hanci, ban sani ba ko dariya ce. Na sa masa ta dama, ya motsa yatsu yana nuna mini. Na ɗauki ta hagu na sa mata safa, na ja har ƙwauri, na gyara bakin. Ƙafar na da ɗumi, da nauyi, da tsohon tabon da waya ta ji masa tun muna sabon aure. Na riƙe ta da hannu biyu a cinyata, ina murza ta, na daɗe a haka. Shi yana kallon taga, inda ba komai sai rufin wurin ajiye motoci.

Can ya ce, ba tare da ya duba ba, "Kin sa ta hagun?"

Na ce, "Tukuna."